Yadda za ka yi katun da layi guda, irin na Osvaldo Cavandoli

Sana'ata rubutun allo ce. Allunan shaguna, bayan manyan motoci, bangon makarantu, duk na sha yi, kuma hannuna ya saba da burushi. Shi ya sa ranar da na ƙuduri niyyar gwada zane mai motsi na ɗauka abin ba zai ba ni wuya ba. Na zana wani dattijo da babbar riga mai aska takwas, da hula, da carbi a hannu, na ce shi zan sa ya yi tafiya. Kowane zane sai ya ci mini minti 20, saboda aikin rigar kaɗai. Bayan mako biyu ina zama kowane dare, na tara zane 36. Da na haɗa su a waya, sakan uku suka ba ni, aikin rigar kuma sai karkarwa yake yi don babu zane biyu da suka zo daidai. Na tattara takardun na zuba a kwali, na shekara ban sake waiwayarsu ba.

Abin da ya dawo da ni wani ɗan gajeren katun ne na ƙasar Italiya da na gani a wayar wani abokin aikina. Farin layi ne ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. A tsakiya layin ya tashi ya zama mutum mai ƙaton hanci, ya sauko ta ɗaya ƙafar, ya ci gaba da zama ƙasa. Ba riga, ba ido, ba gida a bayansa. Yana cikin tafiya sai layin ya yanke a gabansa, ya tsaya, ya ɗaga kai ya shiga zazzaga wa mai zanen masifa da wani yare da ba na kowa ba. Sai ga hannun mutum na gaske riƙe da fensir ya shigo ya ƙarasa masa hanyar. Sunan katun ɗin La Linea, ma'ana "layi" a Italiyanci, mai shi kuma Osvaldo Cavandoli, wanda yake sa hannu a aikinsa da Cava.

Sai ka san mutumin kafin ka kwaikwayi hanyarsa, don rayuwarsa ce ta kai shi ga wannan layi. An haife shi ranar 1 ga Janairu 1920 a Maderno, a bakin tafkin Garda, ya tashi a Milan. Daga 1936 zuwa 1940 yana zanen sassan injuna a kamfanin motoci na Alfa Romeo, aikin da ba a yarda layi ya kauce ko da faɗin gashi. A 1943 ya shiga wajen Nino Pagot, a gidan katun ɗin da ya fitar da I fratelli Dinamite a 1949, ɗaya daga dogayen katun na farko da aka yi a Italiya. Daga 1950 ya tsaya da ƙafarsa, ya daɗe yana yin tallace-tallace da 'yar tsana, yana gusa su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto. Sai a 1969, yana da shekara 49, ya fito da mutumin layi. Emilio Lagostina, mai kamfanin tukwanen ƙarfe na Lagostina, ya ga abin ya burge shi, ya ɗauke shi don tallan tukwanensa a wani shirin talabijin na Italiya mai suna Carosello. Daga nan La Linea ya fita daga talla ya zama katun mai zaman kansa, aka nuna shi a ƙasashe da dama, aka kuma riƙa buga shi a takarda a matsayin zanen barkwanci. Cavandoli ya rasu a Milan ranar 3 ga Maris 2007.

Wannan shekara 49 ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mutumin da ya iya zana inji da duk kusoshinsa, ya iya sassaƙa 'yar tsana, bai rasa gwaninta ba. Da saninsa ya zubar da komai, ya bar motsi kaɗai. Ni kuma da nake farawa na ɗauko aska takwas.

Kalli aikin kafin ka taɓa takarda

Nemi La Linea a YouTube, ka zaɓi guda ɗaya, galibi ba su wuce minti biyu zuwa uku ba. Kalle shi sau ɗaya don jin daɗi. Na biyu ka kashe sauti, ka lura da abin da jikin mutumin yake faɗa shi kaɗai. Na uku ka rage gudu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Idan a kwamfuta kake, ka tsayar da bidiyon, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da shi hoto ɗaya baya ko gaba. A nan za ka ga abin da ido ba ya kamawa: kafin ya yi tsalle sai ya durƙusa, kafin ya fashe da dariya sai ya ja jiki baya, kuma akwai wurare da yawa da ba abin da ke motsi sai baki da yatsu. In da yara za ka kalla, ka fara dubawa kai kaɗai, don akwai 'yan kaɗan da ya yi wa manya.

Kayan aiki ba su da yawa. Farar takarda ta A4 mara kauri, ka yanka kowacce gida huɗu, rim ɗaya zai ba ka falle 2,000. Fensir, baƙar maka (wato alƙalamin marker) mai matsakaicin baki, rula, da abin huda takarda mai huda biyu. Sai teburin haske: ni tsohon gilashin taga na ɗora a kan kwali, na sa fitila mai caji a ciki, don in riƙa hango zanen ƙasa ta cikin takardar sama. A gefen gilashin na manna ɗan katako mai ƙusa biyu da na yanke wa kai, tazararsu daidai da hudar takardar. Kada ka raina waɗannan ƙusoshi. Su ne suke sa kowane falle ya zauna inda ɗan'uwansa ya zauna, in babu su katun ɗinka zai riƙa rawa ko da zanenka ya yi kyau. In kana da wayar da ke da ƙarfi kana iya zanawa kai tsaye a manhajar FlipaClip, amma ina ba ka shawarar ka fara da takarda, don yatsa a kan gilashin waya ba ya ba da layi mai rai irin na maka.

Layin ƙasa, sannan mutumin

Ɗauki falle ɗaya ka ja layi da rula, kamar faɗin yatsa uku daga ƙasan takardar. Wannan shi ne uwar layi. Zai zauna a ƙasan kowane zane da za ka yi, kana bin sa ta hasken fitila. A wannan salo layin ƙasa shi ne duniyar gaba ɗaya, in ya hau ya sauka ba da nufinka ba, mai kallo zai ji kamar ƙasa ce ke girgiza.

Yanzu ka ƙirƙiri mutuminka. Kada ka zana na Cava, nasa ne, kuma ba za ka koyi komai ba in ka kwafe shi. Dokar guda ce: ka fara daga hagu, ka bi layin ƙasa, ka hau ta ƙafar baya, ka bi gadon baya, kai, fuska, hannu, ciki, ka sauko ta ƙafar gaba, ka ci gaba zuwa dama, ba tare da ka ɗaga maka ba. A gefe za ka zana shi, ba ta gaba ba, don a gefe ne hanci da haɓa da tumbi suke magana. Ka ba shi abu ɗaya tak da za a gane shi da shi. Nawa doguwar hula ce da ta karkata gaba. Wata ɗalibata ta yi mace mai ɗaurin ɗankwali mai kunne biyu, kuma ya fi nawa kyau, don kunnuwan suna lilo in tana tafiya.

Zana shi sau 50 kafin ka yi tunanin motsi. Ba wasa nake ba, ka ƙirga. Wajen na 20 za ka ga hannunka ya fara yar da abubuwan da ba su da amfani. Wajen na 50 za ka iya gama shi cikin sakan 15, kuma wannan shi ne ma'aunin. In har yanzu yana cin minti ɗaya, akwai abin da ya kamata ka cire.

Rashin ido shi ya fi ba mutane tsoro. Kowa yana so ya ɗiga ɗan ɗigo. Daure ka bar shi. Da zarar ka sa ido, sai ka ɗora masa duk aikin nuna fushi da murna, jiki ya sandare. In babu ido dole kafaɗa ta faɗi idan mutumin ya karaya, dole ƙirji ya fito idan yana taƙama, dole yatsu su buɗe idan yana tambayar dalili. Italiyawa mutane ne masu magana da hannu, kuma Cava ya zuba wannan duka a mutuminsa. Mu ma muna da namu: tafa hannu a buɗe su, riƙe haɓa, yarfe hannu, ɗaga kafaɗa ɗaya a maƙale ta. Waɗannan za ka zana.

Lissafin motsi

Fim yana tafiya da hoto 24 a sakan ɗaya. Masu katun da yawa suna nuna kowane zane sau biyu, wato zane 12 a sakan, kuma ya wadatar. Ka ga sakan 30 zai nemi zane 360 in komai sabo ne. Kada adadin ya firgita ka, za mu rage shi. Amma aikinka na farko kada ya wuce sakan biyu: mutumin yana tsaye, ya ɗaga hannu, ya sauke.

Kada ka bi su ɗaya, biyu, uku a jere. Fara da zanen farko, hannu a ƙasa, ka rubuta 1 a kusurwa. Zana na ƙarshen ɗagawar, hannu a sama, ka rubuta 7. Ɗora su biyun a kan haske, ka sa sabon falle a sama, ka zana na tsakiyarsu, 4. Sannan ka cike 2 da 3, 5 da 6. Ga sirrin da na daɗe ban gane ba: tazarar da ke tsakanin zane da zane ita ce gudu. In hannun ya matsa kaɗan daga wannan falle zuwa wancan, motsin a hankali zai fito. In ya yi nisa, da sauri. Jikin mai rai yana farawa a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya lafa a ƙarshe. Don haka 1, 2 da 3 su kusanci juna, 4 ya yi tsalle, 5, 6 da 7 su sake matsewa. In ka raba tazarar daidai wa daida, hannun zai tashi kamar sandar shingen mota.

Kafin ka bi da maka, riƙe takardun ta gefe ɗaya ka saki da babban yatsa kamar mai ƙirga kuɗi, ka ga motsin. Gyara a fensir ya fi sauƙi.

Tafiya ita ce jarrabawar gaske, kuma a nan zan daɗe. Taku ɗaya yana da matsayi huɗu. Na farko, ƙafafu a buɗe, dugadugin gaba ya taɓa ƙasa. Na biyu, nauyi ya sauka a ƙafar gaba, gwiwa ta lanƙwashe, kai ya yi ƙasa. Na uku, ƙafar baya ta taso tana wuce ta gaba. Na huɗu, mutumin ya ɗago a kan yatsun ƙafa, kai ya fi ko'ina tsawo. Taku biyu zane takwas ke nan. Amma tunda mutuminka ba shi da ciki, gefensa kawai ake gani, ba a bambanta ƙafar dama da ta hagu, sai ka ga zane huɗu ko shida sun isa, ka yi ta maimaita su. Wannan rangwame ne da salon ya ba ka kyauta.

Wahalar da ke nan ita ce ƙafar da ta bar ƙasa. Mutumin da ƙasar abu ɗaya ne, to in ya ɗaga ƙafa ina layin zai bi? Abin da nake yi, layin ƙasa yana zuwa har gindin ƙafar da ke tsaye, ya hau, ya zagaya ƙafar da ke sama a matsayin lanƙwasa, sannan ya wuce zuwa jiki. Na ɓata takarda da yawa kafin ya zauna mini, kuma tsayar da La Linea hoto-hoto ne ya warware mini shi. Ka lura kuma da hawa da saukar kai. In kan mutumin yana tafiya a miƙe kamar an ja shi da zare, ba tafiya yake ba, sulu yake yi. Ka bar shi a tsakiyar takarda yana taku a wuri ɗaya, ka zana ɗan tudu ko ciyawa a layin ƙasa, kana matsar da ita baya kaɗan a kowane falle. Ido zai yarda cewa gaba yake yi.

Fushi ya fi tafiya sauƙi. Jiki ya tsaya cak a zane ɗaya, ka yi baki uku, rufaffe, rabin buɗe, da wangale, da hannu biyu ko uku, kana cakuɗa su. Kuma kada ka ji tsoron tsayawa. In mutumin ya iso bakin rami, bar shi shiru rabin sakan, hoto shida ba motsi, kafin ya ɗaga kai. Wannan shirun ne yake sa mai kallo ya san ya ga ramin, ya kuma san abin da zai biyo baya.

Ɗaukar hoto da shigowar hannu

Kafa wayar a sama tana kallon ƙasa, a kan abin da ba zai motsa ba. Ni kujera nake kwantarwa a kan tebur in ɗaure wayar da roba. Manhajar Stop Motion Studio tana yin aikin, ka saita ta a hoto 12 a sakan. Kulle haske da saitin gani na kyamarar, in ba haka ba kowane hoto zai zo da haskensa. Da dare za ka ɗauka, da fitila biyu, hagu da dama, don hasken rana yana sauyawa kana cikin aiki. Kada ka taɓa wayar da hannu, yi amfani da maɓallin abin sauraro ko ka sa ta riƙa ɗauka da kanta duk bayan 'yan sakanni. Takardun kuma a kan ƙusoshin nan za su zauna.

In kana son farin layi a kan launi irin na Cava, sai ka juya launin bidiyon a manhajar tacewa, baƙi ya koma fari. Cava yana sauya launin bayan gwargwadon halin da mutumin yake ciki, kai ma kana iya yin haka. Sai dai ga tarko: in ka juya launi alhali hannunka yana cikin hoton, hannun zai koma wani irin shuɗi mai ban tsoro. Hanya biyu ce. Ko ka bar katun ɗinka baƙi a kan fari, ka sa hannunka na gaske, kana ƙara ɗan layi kamar rabin inci, ka tsayar da bakin maka a ƙarshensa, ka ɗauka, ka ƙara, ka ɗauka. Ko ka ɗauki hoton hannunka sau ɗaya riƙe da farin alli, ka cire bayansa, ka ɗora shi a kan bidiyon daga baya kana matsar da shi. Ta farko ta fi rai, ita nake bi.

Kada ka ɗauki hannun nan a matsayin ado. Shi ne rabin labarin. Mutumin layi ba shi da komai sai abin da aka zana masa, ya san haka, kuma bai taɓa yin shiru a kai ba. Ya roƙa, a ba shi, ya raina, ya yi murna, abin ya juye masa. Duk wanda ya taɓa jiran wani ya sa masa hannu a takarda ya san wannan hali.

Murya

Wanda ya yi muryar La Linea shi ne Carlo Bonomi, shi ne kuma ya yi muryoyin katun ɗin yara na Pingu daga baya. Ba Italiyanci sosai yake yi ba, surutu ne da aka ƙirƙira, mai ƙamshin karin harshen Milan, kiɗan kuma na Franco Godi ne. Wannan ne ya sa katun ɗin ya ƙetare iyakoki ba tare da an fassara shi ba. Mu Hausawa muna da sa'a a nan, don harshenmu yana hawa yana sauka, har kalangu yana iya faɗin magana ba tare da kalma ba. Faɗi "Haba malam, wannan wane irin abu ne?" da ƙarfi. Sake faɗa da karin nan, amma ka musanya kalmomin da "bada bada gum". Duk Bahaushe zai ji mitar, wanda ba Bahaushe ba ma zai ji ta.

Naɗi muryar kafin ka zana wurin maganar, a ɗaki mai labule da katifa don kada ta yi amsa-kuwwa. Duba tsawonta, in sakan biyu ce ka san hoto 24 kake bukata, ka kuma san inda bakin zai wangale.

Labarin kansa kada ya wuce matsala ɗaya. A Carosello, wanda aka yi daga 1957 zuwa farkon 1977, ƙa'ida ce a fara da ɗan wasa, tallar ta zo a wutsiya, kuma yaran Italiya sun saba sai an gama shi suke kwanciya. A wannan ƙunci na 'yan mintuna Cava ya saba da shiga magana kai tsaye. Katun ɗina na farko a wannan salo sakan 22 ne. Mai hula yana tafiya, layin ya zurma ya zama rijiya. Ya yi masifa, hannu ya zana masa katako a kai. Ya taka da taƙama, yana tsakiya sai wata akuya ta taso daga layin a ɗaya gefen ta tsare hanya. Ya juyo ya kalli hannun, hannun ya janye. Zane 94 na yi, sauran duk maimaici ne, kuma na gama cikin dare tara.

Rubuta lamba a kowane falle, ka ɗaure kowane motsi daban da roba, ka rubuta sunansa a sama: tafiya, masifa, dariya, faɗuwa. Katun na biyu zai ci rabin waɗannan ba tare da ka sake zana su ba. Ajiye su a leda, don damina tana sa takarda ta kumbura ta ƙi zama a ƙusa. Ni yanzu juyawa nake fama da ita, yadda mai hula zai bar kallon dama ya koma hagu ba tare da layin ya harɗe ba. Zane uku ne kacal a tsakani, na tsakiyan ne yake hana ni barci, kuma a daren nan ma shi zan koma wa.